Kunnen Uwa da Kunnen 'Ya

Durban, Fabrairu

Zuwa ga Yayata Zibuyile,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da 'yata Thingo da duk mutanen gidanmu na Nongoma. Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, mu da kullum muke waya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki buɗe ta a gaban Mama.

Da na ce miki layi ne ba kyau, ba gaskiya na faɗa ba. Layi lafiyarsa ƙalau. Kunnena ne.

Tun watan jiya nake kwance a asibiti. Tarin fuka ne, Yaya, irin wanda ba ya jin magungunan da aka saba bayarwa. A wurin aiki na ɗauka, ba sai an faɗa ba. Kin san 'yan watanni suka rage in zauna jarrabawar ƙarshe, in zama ƙwararriyar likita a kan cututtuka masu yaɗuwa. To ga ni yanzu a ɗakin matan da nake zagayawa da farar riga, an ba ni gado kusa da taga.

Wadda ke gefena wata tsohuwa ce, Gogo MaShezi, ni na kwantar da ita bara. Da ta ga an shigo da ni sanye da rigar marasa lafiya, sai ta tashi zaune ta tafa hannu.

“Dokta, ke ma? To sannu da zuwa! Ke da kike yi mini faɗa a kan ƙwayoyi, yau zan ga yadda ake haɗiye su.”

Ai kuwa ta gani. Na haɗiye, suka dawo. Ita ta riƙe mini kwano, tana dariya tana shafa bayana.

Ƙwayoyin da sauƙi. Allurar ce bala'i. Kowace safiya sai an yi mini, kuma za a ɗauki watanni ana yi. Ni da hannuna na rubuta wa mutane ita ba iyaka, ina ce musu, “Wataƙila ka ɗan ji ƙara a kunne.” Ɗan ƙara! Kamar an zuba mini gyare a cikin kai, ba sa hutawa. Siraran muryoyi ne ke fara ɓacewa, na mata da na yara. Ranar da kika ba Thingo waya, na ji tana magana amma ban kama ko kalma ɗaya ba. Shi ya sa na kashe.

Kada ki zo tukuna, kuma ko da wasa kada ki kawo yarinyar nan. Mama kuwa ki ce mata karatu ne ya sha kaina. Zan warke, na ga waɗanda suka fi ni jin jiki sun tashi.

Ki gaishe da kowa. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Khethiwe

Nongoma, Fabrairu

Khethiwe,

Na gaishe ki, ko da yake gaisuwar da ƙyar ta fito. Ya jiki?

Wai kada in buɗe a gaban Mama. To a tashar mota na buɗe, a bakin tukwanena, ina cikin zuba wa direbobi tuwon masara da kayan ciki. Na yi kuka har wani ya ce, “'Yar uwa, gishirin miyar ya isa haka.” Kafin in kwashe kaya in iso gida, labari ya riga ni. Na tarar da Mama zaune a ƙofar ɗaki da gyalenta na coci. Ta ce, “Ku yaran nan kuna tsammanin tsufa wauta ne. Yarinyar da ba ta iya cin abinci sai ta kira ni, ita ce karatu zai hana?”

Yanzu ta kafe sai an yanka akuya a faɗa wa marigayi Baba da kakanni halin da kike ciki. Ta ce sun bar ki a fili ne don ba a sanar da su ba lokacin da kika koma Durban.

Mutanen unguwa kuwa sun riga sun gama yi miki gwaji, sun ce ƙanjamau ne. Maƙwabciyarmu MaZungu ta zo har rumfata tana wani lanƙwasa murya, “Ayya, ashe likitoci ma ba su tsira ba.” Allah ya taimake ta muciya tana cikin tukunya.

Amma ke ma, Khethiwe! Ban faɗa miki ba? Da kika ce za ki ƙaro karatu, ban ce ki koyi na ido ko na fata ba? Wa ya taɓa ɗaukar cuta don ya leƙa idon mutum? Kika ce a'a, ke sai wurin masu tari, wai su ne suka fi yawa a ƙasarmu kuma masu duba su ne suka fi ƙaranci. To ga shi sun ƙaru da mutum ɗaya. Ai likita ce ke tun tuni. Wace ƙwarewa kike nema da ta fi ranki? In kin warke ki tattara ki dawo gida, asibitin nan namu ma likita yake nema.

Ba faɗa nake yi miki ba. To, faɗa nake yi, amma kin san dalili.

Thingo tana lafiya, tana ta rawar kai an sa ta a sahun gaba na mawaƙan yara a coci. Tari ne kawai ya ɗan dame ta tun bayan tafiyarki da Kirsimeti, kuma ba ta son abinci, har na rage mata ƙugun siket ɗin makaranta. Mama tana dafa mata ganye tana sha. Kada ki sa wannan a ranki.

Ki ci abinci ko ba kya so. Mama ta ce in gaishe ki, ta ce 'yar Nxumalo ba ta faɗuwa a kan gado.

Yayarki,
Zibuyile

Durban, Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini gajartar takardar nan, na ba wani direba ne don ta iso ki da wuri.

Ki rufe rumfa. Ki ɗauki Thingo ki kai ta babban asibiti, ba ƙaramin na unguwa ba. Ki ce musu uwarta tana kwance da tarin fuka wanda ba ya jin magani, kuma a gado ɗaya suka kwana duk hutun Kirsimeti. Ki faɗa da waɗannan kalmomin, in suka yi miki wasa ki nuna musu takardar nan. A yi mata hoton ƙirji, a gwada kakinta. Ke da Mama ma a duba ku.

A lokacin ina tari, na ɗauka gajiyar aiki ce.

Akuya kuwa Mama ta yanka abinta, ban hana ba. Amma asibiti tukuna.

Ina jiran amsarki. Allah ya tsare.

Khethiwe

Nongoma, Maris

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan jiki da sauƙi. Na jinkirta ne don ina jiran sakamako, kuma da ya fito na rasa ta inda zan fara.

Ni da Mama ba mu da komai. Thingo tana da shi. Irin naki ne.

Likitan da ya gan mu saurayi ne, gemunsa ma bai gama fitowa ba, amma yana da kirki, ya ba ni kujera. Ya ɗaga hoton ya nuna mini wani ɗan fari-fari a tsakiyar ƙirji, ya ce abin bai yi nisa ba, an zo da wuri. Har na fara gode wa Allah. Sai ya ce za a kwantar da ita, a fara ƙwayoyi da allura kowace safiya.

Na ce, “Wace allura?”

Ya faɗi sunanta.

Na ce, “Ɗana, ni ban san sunaye ba. Ita ce mai cin kunne?”

Ya ce ba kowa take yi wa haka ba.

Na ce, “Cikin yara goma, nawa take yi wa?”

Ya ce, “Mama, abin da ƙa'ida ta ce ke nan. Ni ba ni da ikon canzawa.”

Na ce to ni ma ba ni da ikon sa hannu, ba ni na haife ta ba. Na kama hannun yarinya muka fito. Nas ta biyo mu har bakin ƙofa tana cewa zan kashe 'yar mutane da taurin kai. Wataƙila gaskiyarta ce. Tun ranar ban sake hura wuta a tasha ba.

An hana ta zuwa makaranta da coci. Ta koma waƙa ita kaɗai a bayan ɗaki, tana yi tana tsayawa ta yi tari. Jiya ta ce, “Inna babba, in aka yi mini allurar zan daina jin Mamata, ko ita ce kawai za ta daina ji na?” Ban san inda ta ji ba. Yaran nan kunnensu har bango yake ratsawa.

Na ce wa Mama mu kai ta Durban wurin manyanku. Mama ta ce sai dai a bi ta kan gawarta, asibitin da ya kwantar mata da 'ya ba zai ƙara da jika ba.

Khethiwe, duk surutun nan nawa ban san komai ba. Ke kika yi karatun. Faɗa mini abin da zan yi, amma ki yi sauri, tarin ba ya jira.

Taki,
Zibuyile

Ɗakin mata, Maris

Zuwa ga Farfesa Ramlall,
Shugaban sashen horar da likitoci kan cututtuka masu yaɗuwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ka yi haƙuri da na rubuto alhali kana zagayowa ɗakinmu da ɗalibai. In ka tsaya a kaina da takunkumi a fuska, ba na jin abin da kake faɗa, ba na kuma ganin leɓɓanka. Gyaɗa kai kawai nake yi don kada in ba ka kunya a gaban ƙannena ɗalibai.

Abu biyu ne. Na farko, 'yata mai shekara bakwai ta kamu, kuma daga wurina ne. Na haɗo da hoton ƙirjinta da sakamakon gwaji. A ganina cutar ba ta wuce kaluluwar tsakiyar ƙirji da ɗan gefen huhu ba. Likitan garinmu yana son fara mata allura, kuma bai yi laifi ba, ni ma da haka zan yi. Amma na tuna ka taɓa gaya mana a aji cewa wasu likitocin yara sun fara barin allurar ga yaran da ciwonsu bai yi tsanani ba, suna maye gurbinta da wasu ƙwayoyi. Ina roƙonka ka duba ko 'yata tana cikin irinsu. Na duba hoton nan har na daina yarda da idona. Ban sani ba ko likita ce ke kallo ko uwa.

Na biyu, ni. Ka ga gwajin jina na wannan makon. Kunnen hagu yana tafiya da sauri, na dama ya fara bin sa. Ina neman izinin a tsayar da allurar. Na san amsar da zan ba ɗalibi in ya yi mini wannan tambayar a jarrabawa. Duk da haka ina tambaya. Idan kunnuwan nan suka tafi, da me zan saurari ƙirjin mara lafiya? Shekarun da na yi a ƙarƙashinka me za su zama?

Ka huta lafiya.

Ɗalibarka,
Dokta Khethiwe Nxumalo

Ofishin sashe, Maris

Zuwa ga Dokta Nxumalo,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki fatan sauƙi. Na karanta takardarki. Daga yau duk abin da zan faɗa miki a bakin gado zan rubuta shi, ya kamata in lura tun tuni.

Game da yarinya. Na nuna hoton ga Dokta Fortuin ta sashen yara, kuma karatunki daidai ne. Ta yarda ta karɓe ta, idan aka kawo ta nan inda za a riƙa sa mata ido. Amma zan gaya miki abin da zan gaya wa kowace uwa. Yaran da aka yi wa magani ba tare da allurar ba ba su da yawa tukuna. Akasarinsu sun warke. Ba zan iya rantse miki cewa ƙwayoyin kaɗai za su riƙe ta ba. Idan suka kasa, cutar tana iya hawa kai, kuma kin ga yaran da hakan ta same su. A nan ba kunne kaɗai ake rasawa ba. Ni da Dokta Fortuin mun karkata ga barin allurar. Sa hannun naki ne, a matsayin uwa. Likitancin ki bar mana.

Game da ke. A'a. Har yanzu akwai ƙwayar cutar a kakinki, kuma magungunan da suka rage masu aiki a jikinki ba su da yawa. Na rubuta wa kwamiti ina neman a ba ki sabon maganin nan da ake bayarwa ga mutane ƙalilan. Ba su amsa ba, ina bin su kullum har sakatariyarsu ta fara ɓuya in ta hango ni. Kafin ya zo, abin da zan iya shi ne rage allurar zuwa wasu ranaku a mako. Ba zan ɗaure ki ba, kina da ikon ƙi. Amma na binne ɗalibi sau ɗaya a rayuwata, ba na son na biyu.

Jarrabawar bana ta wuce ki, kada ki wahalar da kanki da littattafai. Gurbinki yana nan. Sai dai ki yi tunani a kan wannan: akwai hanyar ƙwarewa a ɗakin gwaje-gwaje, inda ido ake bukata ba kunne ba, kuma babu mai yi miki tari a fuska. Zan iya mayar da ke can ba tare da kin fara daga farko ba. Ba yanzu nake son amsa ba.

Ki kula da kanki.

Malaminki,
Farfesa D. Ramlall

Umlazi, Mayu

Ƙanwata Khethiwe,

Gaisuwa mai yawa. Ga ni kusa da ke amma sai da takarda, tunda ko na zo ihu muke yi ta cikin takunkumi, Gogo MaShezi tana fassara mana ƙarya.

Kin tambaye ni yadda aka yi Mama ta sauko. Ba ni ba ce. Da saƙonki ya zo cewa a kawo yarinya, na karanta mata, ta juya mini baya. Aka yanka akuyar, ta shiga ɗakin Baba ta ƙona turare ta daɗe tana magana. Da ta fito sai ta ce, “Na faɗa wa ubanku. Ki haɗa kayan yarinya.” Na ce me ya ce? Ta ce, “Me zai ce? Da yana raye ma ni nake yanke magana.” Ita ta raka mu har tasha, ta ɗaura wa Thingo igiyar fatar akuyar a hannu, ta ce duk nas ɗin da ta cire za ta gamu da ita.

Ina zaune a gidan 'yar Kawu Mzwakhe a nan Umlazi, gefen Durban, kullum ina hawa mota zuwa sashen yara. Ranar da aka kai miki takardar sa hannu, nas ɗin ta dawo tana cewa kin riƙe alƙalami har ta gaji da tsayuwa. Ban tambaye ki ba kuma ba zan tambaya ba. Kin sa, shi ke nan. In abin ya yi kyau namu ne, in ya ɓaci ma namu ne mu biyu, don ni na fara fitowa da ita daga wancan asibitin.

Ƙwayoyin suna wahalar da ita. Akwai wani gari-gari da ake zuba mata a madara mai tsami, tana gani take fara kuka. Wani kuma ya sa fatarta ta yi duhu, ta ce yanzu ta fi kama da ni, wai ta shiga uku. Amma tarin ya ragu, ta fara neman ƙari in an kawo abinci. Dokta Fortuin ta ce kada mu yi murna tukuna, sai an ga watanni masu zuwa. Duk ranar da yarinyar nan ta ce kanta yana ciwo, sai in ruga neman nas.

Na haɗu da Farfesanku a baranda. Ashe ɗan tsurut ne, yadda kike ba da labarinsa na ɗauka sai ya sunkuya zai shiga ƙofa. Ya gaya mini ya yi miki tayin ɗakin gwaje-gwaje, har yanzu ba ki karɓa ba. Khethiwe, ki karɓa. Ban iya lallashi ba, kin sani. Kin ba masu tarin nan huhu, kin ba su kunne, saura kaɗan ki ba su 'ya. Me kuma suke bin ki?

Sun ce ranar Lahadi za a bar ni in kawo ta filin asibitinku, ku ga juna a waje a ƙarƙashin bishiya, ba runguma. Ki gyara gashinki, kada ki tsorata ta.

Sai mun zo. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki,
Zibuyile

Durban, Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa, da godiya da ba ta faɗuwa a takarda.

Sabon maganin ya iso, an tsayar da allurar. Kakina ya fito babu ƙwayar cuta, karo na farko. Kunnen hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama saura kaɗan, sun ce za a gwada mini na'ura.

Na ba Farfesa amsa. Ɗakin marasa lafiya zan koma aiki, ba na gwaje-gwaje ba, in Allah ya tashe ni, in zauna jarrabawa baɗi. Ya ce bai san yadda za a yi da sauraren ƙirji ba, na ce ni ma ban sani ba, sai mu nema. Ki yi faɗanki, na shirya.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Lahadi, da za ku tafi, Thingo ta saki hannunki ta dawo da gudu har inda aka ce ta tsaya. Ta faɗa mini wata magana, ta daɗe tana yi, fuskarta ba wasa. Na yi murmushi na ce to. Sai na ga ta dube ni wani iri, ta juya ta bi ki.

Kina kusa, kin ji. Ki rubuto mini abin da ta ce, yadda ta faɗa, kada ki gyara komai.

Ƙanwarki,
Khethiwe